Wanda Ya Kira Sunanta A Waƙa

Butar shayi ce ta fara jin jiki. Abdulelah ya shure ta, ta bugi bango, ta amayar da abin da ke cikinta a kan kafet ɗin da mahaifinsu ya fi ƙauna. Kofuna suka biyo baya. Kafin Zakiya ta ajiye farantin dabinon da ke hannunta, ƙanen nata ya riga ya shaƙe wuyan rigar baƙon, ya ɗaga shi daga zaune kamar buhun shinkafa.

“Maimaita!” in ji Abdulelah. “Wallahi maimaita sunan in ji, ya hayawan, dabba kawai!”

“Me na yi?” Zaharaddeen ya tambaya da muryar wanda ake shaƙewa. Ya juya idanunsa wajen maigidan. “Baba, don Allah me na faɗa?”

Ɗakin cike yake da mawaƙa, kowannensu ya mutu saboda soyayya a kan takarda ya fi sau a ƙirga. Sai ga su suna ja da baya da gwiwa, suna tattare fararen jallabiyoyinsu kada shayi ya taɓa su.

Abin da ya faɗa bai fi layi huɗu ba, kuma ba wata waƙar kirki ba ce:

Na baro Gusau da ƙishi a wuya,
Na taras da teku, ruwan ba na sha ba,
Rim 'yar Abdulghaffar ta ba ni shayi,
Tun ran nan ƙishi bai sake dawowa ba.

Naushin farko ya same shi a baki. Na biyu ya tsinka masa gira. Rim ta ƙwalla ihu ta yo kansu, Zakiya ta riƙe ta ta baya da hannu bibbiyu. Abdulelah ya kai hannu sama zai sauko da doguwar sandar da ke rataye bisa kantar littattafai.

“Ba da wannan ba,” in ji Ustaz Abdulghaffar, ba tare da ya ɗaga murya ba.

Yaro mai biyayya ne Abdulelah. Ya bar sandar, ya ja Zaharaddeen zuwa bakin bene, ya tura shi da ƙafa. Suka ji yadda kowace matakala ta karɓi rabonta, har ƙasa.

Mutum ɗaya ne bai motsa ba. Ustaz Hatim, babban mawaƙin majalisar, yana zaune a kusurwarsa da kofinsa a hannu, ko ɗigo bai zube ba. Ya girgiza kai cikin tausayi.

“La haula,” ya ce. “Miskin. Baƙo ne, bai san gari ba.”

*

Kakan Ustaz Abdulghaffar da ƙafa ya taso daga Haɗeja zuwa aikin hajji, ya iso Jidda ya ga ƙafar ta ƙare, ya zauna. Jikansa ya zama malamin Larabci, ya yi ritaya, ya buɗe majalisar adabi duk ranar Alhamis bayan la'asar a saman gidansa da ke unguwar Hindawiyya. A wannan ɗaki aka sha jin sa yana cewa zuciya ba ta da kafili mai tsaya mata, so ba ya neman iƙamar zama a ƙasa. Ya bar 'ya'yansa mata uku su zauna a gefe guda su saurara, har su yi gyara in an karya baiti. Mutane suka ce ya waye. Shi ma ya yarda.

Jawahir, ta tsakiya, ta gano bakin zaren da wuri. Ta auri wani mai sayar da tayoyi a Aziziyya wanda bai taɓa karanta baiti ɗaya ba, kuma ita kaɗai ce ke ƙiba a zuriyar. Saura biyu suka tsaya wa adabi: Zakiya babba, da Rim auta, mai aiki a kantin magani.

Sai dai Ustaz yana da doka guda da ya tsinto a tsofaffin littattafai. Mawaƙin da ya kira sunan yarinya a gaban maza, ba a ba shi aurenta, don kada a ce auren rufin asiri ne. Larabawan da suka ƙirƙiro dokar sun manta da ita tun kafin zuwan wayar hannu. Ustaz, jikan mutumin Haɗeja, shi ya tsaya yana yi musu gadinta kyauta.

Zaharaddeen kuwa daga inda ya fito, saurayi har kuɗi yake ba makaɗi ya wasa budurwarsa da sunanta da na ubanta a dandali, uwarta na cikin gida tana jin daɗi. Shekara biyu ke nan yana aiki a wani ofishin aika kaya a Bagdadiyya, yana zuwa majalisa da waƙoƙinsa na Hausa, yana durƙusawa har ƙasa yana cewa “Baba”. An kusa sa ranar da kawunsa zai zo neman aure. Yau ya zo ya burge surukinsa.

Zakiya ta san dokar fiye da kowa, don a kanta aka fara gwada ta. Shekaru sama da goma da suka wuce, ana saura kaɗan a yi baikonta da Hatim, ya miƙe a wannan ɗakin ya rera ƙasida da sunanta. Ustaz ya yi kuka, ya rungume shi, ya hana shi ita. Hatim ya fitar da littafi uku daga wannan rashi. Ana gayyatarsa taruka, 'yan mata na kuka in ya karanta, ana ce masa Hatim na Zakiya. Ita kuma Zakiyar ta samu farantin shayi.

*

“Ɗinki aka yi masa a gira da leɓe,” in ji Rim. Tana zaune a ƙasa a ɗakinsu, waya a cinyarta, fuskarta ta kumbura da kuka. “A mustashfa likitoci sun tambaye shi, ya ce faɗowa ya yi daga bene. Ko sunan Abdulelah bai kira ba, Yaya. Ko sunansa!”

“Ai bai yi ƙarya ba,” in ji Zakiya. “Daga benen ya faɗo.”

“Haram alaiki! Wasa kike yi?”

“In ban yi wasa ba me zan yi? Sha ruwa.”

Rim ta ture kofin. “Yana ta tambayata laifinsa. Ya ce shi da farko ‘wata 'yar mutunci’ ya rubuta, babu suna. Ya kai wa Ustaz Hatim ya duba masa. Shi ya ce masa, ya akhi, Ammi Abdulghaffar ba ya son matsoraci. Kira sunanta da na ubanta a gaban kowa, ran nan zai ɗaura maka aure.”

Zakiya ta tsaya da ninke mayafin da ke hannunta.

“Hatim ya ce masa haka?”

“Wallahil azim.”

Ta zauna a bakin gado a hankali. A wancan lokacin Hatim ya rantse mata yana hawaye cewa sunan kuɓuce masa ya yi, so ne ya fi ƙarfin harshensa. Ta yarda. Ta riƙe wannan rantsuwa kamar yadda ake riƙe garwashi a kasko, tana hura shi duk shekara. Ita da ke kama karyayyen baiti tun daga kicin, ba ta taɓa barin kanta ta lura da abu ɗaya ba: sunanta a ƙarshen layi yake, kuma duk ƙasidar, daga farko har ƙarshe, da sautin sunan take ƙarewa. An gina gidan ne don a sa wannan ƙofa. Abin da ya kuɓuce ba ya zuwa da ƙafiyarsa a shirye.

Ashe aure ne ba ya so. Rashin auren yake so, shi ne mai kasuwa.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ustaz ya shigo da tabarau a hannu, yana goge shi da bakin rigarsa.

“Ya binti,” ya ce wa Rim, “zuciyata ta fi taki ciwo.”

Rim ta rarrafo ta kama ƙafarsa. “Abuya, bai sani ba. Wallahi bai sani ba! A garinsu girmamawa ce. Kai da bakinka ka ce so ba shi da ƙasa. Kai ka koya mana! Tun ina ƙarama nake zaune a ɗakin can ina jin ka, har na haddace. Ko duk na baƙi ne, ban da mu?”

“Waƙa daban, gida daban.”

“To me ya sa ka shigo da waƙar cikin gidan?”

Ustaz ya mayar da tabaransa. “Wani ya ɗauki abin a waya. Yanzu haka yana yawo a unguwa. In na ba shi ke, kowa zai ce akwai abin da nake binnewa. Amma Allah bai bar mu ba. Hatim ya same ni bayan an watse. Ya ce saboda darajar gidan nan, shi zai aure ki, ya rufe bakin mutane.”

Ustaz bai dubi inda Zakiya take ba. Ya daɗe da ƙwarewa a wannan.

“Hatim na Yaya?” in ji Rim.

“Wancan ya wuce. Dokar a kan Zakiya ta hau, ba a kanki ba.”

“Abuya, shi ya sa Zaharaddeen ya kira sunana! Shi ya ce masa...”

“Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Yaron zai faɗi komai yanzu.” Ya ɗaga hannu. “Ni ban taɓa yi wa 'ya'yana dole ba, kowa ya shaida. Kina da zaɓi. Ko Hatim, ko ki zauna tare da yayarki. Ga ta nan, me ta rasa?”

Rim ta miƙe. A kan teburin Zakiya akwai littattafan Hatim guda uku, masu sa hannunsa. Ta ɗauki na sama ta yage shi gida biyu, ta watsa wa mahaifinta a ƙirji.

Marin ya yi ƙara kamar an fasa faranti. Rim ta faɗi kan gado. Ustaz ya tsaya yana duban tafin hannunsa kamar wani ne ya ara masa shi, sannan ya fita ya ja ƙofa a hankali, don mutum ne mai ladabi.

Zakiya ta ɗora kan ƙanwarta a cinya. Shatin yatsu huɗu ya fito a kumatun.

“Zan zama ke, Yaya,” Rim ta ce cikin shessheƙa. “Ki yafe mini, amma wallahi gara in mutu. Zan tsufa ina zuba wa mawaƙa shayi.”

“Ba za ki zama ni ba.”

“Ta yaya?”

“Gurbin ɗaya ne, kuma ina ciki,” in ji Zakiya. “Kira shi. Ki ce ya rantse miki ko me za a yi masa kada ya ɗaga hannu ya rama. Faɗa ɗaya, askar, 'yan sandan garin nan, su kama shi, kafilinsa ya soke iƙama, sai tarhil. Abin da Hatim ke jira ke nan. Jirgi ya mayar da shi Najeriya, a huta.”

*

Washegari Hatim ya zo gaisuwa da kwalin cakulan da turaren udu. Zakiya ta tare shi a tsakiyar bene, daidai matakalar da har yanzu ke da ɗigon jinin da bai gama fita ba.

“Ahlan da gimbiyar ƙasidu,” ya ce.

“Tambaya ɗaya zan yi maka. Ƙasidar nan tawa, kwana nawa ka yi kana gina ta?”

Ya yi murmushi. Gemunsa ya fara furfura, irin furfurar da ake gyarawa a shagon aski don ta yi kyau a hoto.

“Sai yanzu, ya Zakiya? Na ɗauka kin fi haka kaifi.”

“Me na yi maka?”

“Ba ki yi komai ba. Da na aure ki, da yanzu ke matar wani malamin makaranta ce mai ciwon baya, muna faɗa a kan kuɗin wuta. Dubi abin da na mayar da ke. Ana karanta sunanki har a Alƙahira. Mata nawa ne za su samu wannan?”

“Rim fa?”

“Mutum yana girma. Yanzu ina buƙatar mai dafa mini abinci.”

Ta ɗaga hannu, ya cafke wuyan hannun ya murɗe har sai da ta durƙusa a kan matakala. Bai daina murmushi ba.

“Je ki faɗa wa Ammi,” ya ce a hankali. “Ki ce tsohuwar budurwa ba ta so a auri ƙanwarta. Ki ga wa zai yarda.”

Ya sake ta, ya gyara zaman kwalin cakulan, ya haye sama yana sallama da murya mai daɗi.

*

Ranar Asabar Umda, wato mai unguwa, ya aurar da ɗansa, aka kafa mizmar a filin da ke bayan gidan Ustaz. Wasan maza ne na mutanen Jidda. A hura wuta a tsakiya, a yi da'ira ana tafi, ganguna na tashi, maza bibbiyu su shiga suna juya dogayen sanduna a saman kai. Ana cewa rawa ce. Tsofaffin unguwa masu tabo a ƙoƙon kai su ma rawa suke ce mata. Doka ɗaya kowa ya sani: ba a taɓa ganga tana cikin magana. Wanda ya dafa ta ya zagi unguwa gaba ɗaya.

Ustaz Abdulghaffar yana zaune a sahun manya kusa da Umda, da alkyabbarsa mai bakin zinariya. Kafin ya san tabarau, shi ne gwanin wannan fili. Sandar da ke rataye a ɗakin majalisa tasa ce, Zakiya ke shafa mata mai duk shekara tare da goge littattafai.

Mata suna kallo daga tagogi. Zakiya da Rim suna tagar ɗakin majalisa. Rana ta yi sanyi, hayaƙin wutar na miƙewa sama.

“Ga shi can,” Rim ta ce, ta damƙe hannun yayarta.

Zaharaddeen yana tsaye a bayan taro da filasta a gira. Ya zo ne ya durƙusa wa Ustaz a gaban Umda ya nemi gafara, don a garinsu haka ake yi.

Hatim ma ya gan shi. Aka miƙa masa jagorancin waƙa, kasancewarsa mawaƙin unguwa. Ya ɗaga sandarsa, ganguna suka sassauta, sai ya canja harshe daga Larabci zuwa Hausa, yana kwaikwayon muryar mutanen Gusau.

“Na baro Gusau da ƙishi a wuya!”

Samari suka fashe da dariya. Yawancinsu ba sa iya haɗa jimla biyu da Hausa, amma wannan kowa ya gani a waya.

“Na taras da teku, ruwan ba na sha ba!”

Ya zo layi na uku ya yi shiru. Ya kafa hannu a kunne, ya karkata kai wajen taro.

“Rim!” fili ya amsa.

Ya sake kafa hannu.

“Rim! Rim 'yar Abdulghaffar!”

Ganguna suka ɗauka. Sunan ya bugi bangayen Hindawiyya ya dawo, da tafi, da shewa. Hatim bai furta shi ba ko sau ɗaya. Leɓunansa a rufe suke, yana juya sanda yana murmushi, mutum mai kiyaye doka.

Rim ta toshe kunnuwa ta zube ƙasa. Zakiya ba ta duba ta ba, mahaifinta take kallo. Ustaz ya cire tabarau. Wannan karon bai goge shi ba.

Sai taro ya dare. Zaharaddeen ya ratsa da'irar hannu wofi, ya wuce wuta, ya je ya ɗora tafinsa a kan fatar babbar ganga.

Kiɗa ya mutu.

“Don girman Allah ku bari,” ya ce. “Ni na yi laifi. Ita ba ta yi muku komai ba. Ku kira sunana, Zaharaddeen, ku yi ta kira har gobe.”

Abdulelah mutum ne da ba ya iya fushi da mutum biyu a lokaci guda, kuma ya riga ya zaɓi nasa tun ranar Alhamis. Sandarsa ce ta fara sauka a kafaɗar Zaharaddeen. Ta biyu ta wani ce, a gadon baya. Ta uku ta buɗe ɗinkin girar, jini ya rufe masa ido ɗaya. Ya durƙusa a gwiwa, amma hannun na kan ganga.

“Ɗauke hannunka, ya ɗan iska!”

Bai ɗauke ba. Bai kuma rama ba. Ɗaya hannun ya cusa shi cikin aljihu ya damƙe, kamar mai tsoron kada ya kuɓuce masa.

Hatim ya matso a nutse, ya auna, ya sauke sandarsa a kan yatsun da ke bisa fatar. Ƙarar ƙashi da ƙarar ganga suka fita tare.

“Rama mana, ya Gusau,” ya ce. “Ko a garinku ba maza?”

Zakiya ba ta san lokacin da ta taka kujera ba. Ta dai ji nauyin sandar a hannunta, da santsin man da ita ta shafa. Ta sauka benen da abayarta, ta fita ta ƙofar baya.

Tun da aka kafa unguwar mace ba ta taɓa shiga da'irar mizmar ba, saboda haka ba wanda ya tanadi abin da zai yi in ta shiga. Maza suka buɗe mata hanya don mamaki. Abdulelah ya sandare da sanda a sama.

“Yaya? Ish hada? Mene ne haka? Koma gida!”

Hatim ya juyo. Ya buɗe baki, wataƙila da wata magana mai daɗi da za a riƙa maimaitawa a majalisa.

Ba ta iya juya sanda ba, ba ta kuma gwada ba. Ta riƙe ta da hannu biyu kamar taɓarya, ta kai masa a bakin nan da ya ci abinci da sunanta shekara da shekaru. Ya faɗi zaune a gefen wuta. Ya tofar da jini, da wani abu fari, da wani kuma.

Ta tsaya tsakaninsa da Zaharaddeen, ta dogara sandar a ƙasa.

“Saura wa?” ta ce.

Ba a samu mai so ba.

Ustaz ya taso, taro na matsa masa. Ya dubi sandarsa a hannun 'yarsa. Ya dubi yaron da ke durƙushe, yatsunsa a karye, har yanzu a kan ganga.

Hatim ya rarrafo ya kama bakin alkyabbar. Maganarsa na fita da iska ta gurbin haƙora. “Ammi, ka shaida... ban kira sunanta ba. Ko sau ɗaya ban kira ba.”

“Na gani,” in ji Ustaz. “Ka san dokar sarai.”

“Tun ranar da ya kira nawa ya san ta, Abuya,” in ji Zakiya.

Karo na farko cikin shekaru masu yawa, mahaifinta ya dube ta ido cikin ido. Bai daɗe ba. Ba abu ne da mutum ke iya daɗewa yana kallo ba.

Daga bakin titi jiniya ta taso. Wani cikin maƙwabta ya kira askar. Samari suka fara zubar da sanduna suna sulalewa ta lunguna. Rim ta fito da gudu ba takalmi, ta zube gaban Zaharaddeen tana kuka tana danna mayafinta a girarsa.

“Za su tafi da shi, Abuya! Baƙo ne, a tsakiyar faɗa, jini a jikinsa. Ba za su tambayi wa ya fara ba. Halas, tarhil ne!”

Motar ta tsaya. Askar biyu suka fito, babbansu yana gyara hula, yana duban wutar, da gangar, da mutum biyu a ƙasa. Ya nuna Zaharaddeen da haɓa.

“Wannan fa? Ina iƙamarsa? Me ya kawo shi nan?”

Ustaz Abdulghaffar ya zare alkyabbarsa daga hannun Hatim. Ya cire ta daga kafaɗarsa, ya sunkuya da ƙyar irin ta tsofaffi, ya lulluɓa wa yaron.

“Gidansu ya zo,” ya ce. “Mijin 'yata ne in sha Allahu. Bai taɓa kowa ba, ga Umda nan ka tambaye shi. Abdulelah, ajiye wannan itacen ka ɗauki surukinka.”

Umda ya gyaɗa kai. Askar ɗin ya juya wajen Hatim, wanda ke riƙe da bakinsa da hannu biyu, jini na bin farar jallabiyarsa.

“To wannan kuma wa ya yi masa haka?”

Kowa ya dubi ƙasa. Akwai sanduna da yawa a zube a filin, ana iya ɗora wa kowacce. Guda ɗaya ce kawai ke hannun mutum.

“Ni ce,” in ji Zakiya.

Askar ɗin ya dube ta daga sama har ƙasa, ya ciro wayarsa zai rubuta. “Sunanki?”

Ta miƙa masa sandar, ta gyara mayafinta, ta nufi motar da kanta.

“Tambayi kowa a unguwar nan,” ta ce, ta waiwayi Hatim. “Shi ya koya musu.”